Hankakan Ƙasar Kurfai: Tsuntsun da Ake Kora, Mai Sharar da Ya Rage wa Gari

Hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Balayara da Filinge ta nufi Abala tana bin kwarin Dallol Boso ne, kuma duk wanda ya bi ta zai ga ƙasa tana sauya kama sannu a hankali. Gonakin hatsi suna raguwa, gawo da goriba suna ja da baya, aduwa da anza da ƙananan itatuwan ƙaya suna karɓe fili. Kafin a kai Abala, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a jihar Tillaberi tun 2011, an shiga inda noma yake miƙa hannu ga kiwo, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba. A duk tsawon wannan tafiya akwai tsuntsu ɗaya da ba ya rabuwa da matafiyi. Yana kan turken waya, yana bakin rijiya, yana bayan mahauta, yana kan jujin ƙarshen gari. Hankaka ne.

Sabo ya sa ba a duba shi sau biyu. Yaro ya gan shi ya nemi dutse, uwar gida ta gan shi ta ƙirga 'yan tsakinta, makiyayi ya gan shi ya leƙa bayan jakinsa. Amma wannan yanki na Kurfayawa da maƙwabtansu Zabarmawa da Fulani da Buzaye yana kan wata iyaka da masana tsuntsaye suka daɗe da lura da ita. Nan ne hankakan kudu mai farin ƙirji yake haɗuwa da ɗan'uwansa na hamada. Wanda ya iya bambanta su, ya kuma san dalilin yawansu ko ƙarancinsu, ya sami hanyar gane halin da daji da gari suke ciki.

Dangi guda, iri fiye da arba'in

Masana kimiyya sun tara hankaki a ƙarƙashin dangi guda da suke kira Corvus, sunan da masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tabbatar a shekarar 1758. Irinsu sun haura arba'in, kuma suna ko'ina a duniya in ban da Kudancin Amurka da yankin ƙanƙara na ƙuryar kudu. Galibinsu baƙaƙe ne, masu kaurin baki da ƙarfin ƙafa, masu cin duk abin da suka samu: fara, ƙadangare, ƙwai, hatsi, mushe, ragowar tuwo. Rashin zaɓen abinci shi ne ya ba su damar zama a tsakiyar birni da tsakiyar sahara baki ɗaya.

A Afirka akwai iri da dama. Mafi girmansu shi ne na tsaunukan Habasha, Corvus crassirostris, mai wani irin ƙaton baki lanƙwasasshe. Nijar kuwa tana da uku.

Na farko shi ne wanda kowane Bahaushe ya sani, Corvus albus, wanda aka rubuta bayaninsa a littattafan kimiyya tun 1776. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya ya kai kimanin rabin mita. Baƙi ne wuluk mai sheƙi, sai farin ƙirji da ya zagayo ta kafaɗa ya ɗaure a wuya. Mazauninsa ya faro daga Senegal ya kai Sudan, ya gangara har ƙarshen Afirka ta Kudu, ya tsallaka Madagaska. Shi tsuntsun mutane ne. Inda aka kafa kasuwa ko mahauta ko sansani, ba a jimawa sai an ji kukansa.

Na biyu shi ne Corvus ruficollis, hankakan hamada. Ya ɗan ɗara na gida girma, fikafikansa sun fi tsawo da tsini, kuma ba shi da fari ko ɗigo. Daga nesa baƙi ne gaba ɗaya. Sai an matso, rana ta haske shi, za a ga kansa da wuyansa sun yi launin ƙasa-ƙasa, musamman idan gashin ya tsufa. Mazauninsa ya ratsa Sahara duka, ya bi ta ƙasar Larabawa har Pakistan, kuma gefensa na kudu ya biyo ta wannan sashe na Sahel. Masu kiwon raƙuma na kwarin Azawak, arewa da Abala, sun fi kowa saninsa, domin yakan bi ayari da zango, ya sauka a dozon raƙumi yana tsince kaska.

Na uku, Corvus rhipidurus, ba ya sauka ƙasar Kurfai. Gidansa duwatsun Abzin ne, amma asalin yawansa yana gabashin Afirka da ƙasar Larabawa. Wutsiyarsa gajeriya ce ƙwarai, har idan yana shawagi a gefen dutse sai a zaci an yanke ta. Masanin da ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau a 1918, Ernst Hartert, shi ne kuma ya yi nazarin tsuntsayen da Angus Buchanan ya tattaro a tafiyar da ya yi daga Kano zuwa Abzin a 1920.

Mai da ɗan wani naka

Kirarin hankaka ba ya buƙatar gabatarwa a ƙasar Hausa: hankaka mai da ɗan wani naka. Tsofaffi da yawa sun tashi da labarin cewa ba ya yin ƙwai, sai dai ya ɗauko na wani tsuntsu ya ƙyanƙyashe, ɗan ya rikiɗe ya zama hankaka. Dalilin wannan zato a bayyane yake. Sheƙarsa tana can ƙololuwar itace inda ido ba ya kaiwa, kuma 'ya'yansa ba sa barin gida sai sun kusa kai girman iyayensu, don haka da wuya a ga abin da za a nuna a ce ga ɗan hankaka.

Gaskiyar ita ce yana yin ƙwai kamar kowane tsuntsu. Mace da namiji sukan tara itatuwa su gina sheƙa mai faɗi a kan gawo ko giginya, yanzu kuma har kan eriyar salula da turakun wutar lantarki, su shimfiɗe cikinta da gashin dabbobi da tsumma da igiya. Macen takan saka ƙwai uku zuwa shida, masu launin tsanwa mai haske da ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa. Kwanci yakan ɗauki kwana 18 zuwa 19, 'ya'yan kuma su yi kusan wata ɗaya da rabi kafin su tashi. A wannan yanki aikin yakan faɗo ne daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, lokacin da fara da ƙwari za su wadata a ciyar da 'ya'ya.

Sai dai kakanninmu ba su yi kirarin a banza ba. Akwai wani tsuntsu ɗan gidan su ragon maza, mai doguwar wutsiya da tukku a ka da ɗigon fari a fikafikai, wanda masana ke kira Clamator glandarius. Shi ba ya gina sheƙa. Macen takan faki idon hankaka ta shiga gidansa ta saka ƙwanta ta fice, hankaka ya kwanta a kai, ya ƙyanƙyashe, ya yi ta ɗawainiyar ciyar da ɗan da ba nasa ba har ya girma. Wasu masana biyu, Peter Mundy da A. W. Cook, sun bi sheƙunan hankaki a kewayen Sakkwato suka ga haka da idonsu, suka kuma buga bayanin a mujallar Ostrich a 1977. Ashe lallai ana samun ɗan wani a gidan hankaka. Abin da ya ɓace a labarin shi ne, kawo masa ake yi, shi kuma ya riƙe amana.

Lamarin yana da sauran ban mamaki. Ɗan wannan baƙo ba ya turo 'ya'yan mai gida ƙasa, tare suke tashi. Wani bincike da aka yi a arewacin Sifaniya, aka buga a mujallar Science a 2014, ya nuna cewa idan maƙiyi ya taɓa shi yakan fitar da wani ruwa mai ɗoyi da ke korar kyanwa da tsuntsaye masu farauta, ta yadda a shekarun da maƙiya suka yi yawa, sheƙar hankakan da ke da baƙo takan fi tsira.

Laifin da ba a ƙaga masa ba

Duk mai son kare hankaka dole ya fara da amsa laifinsa, don mutanen karkara ba ƙarya suke yi masa ba. Yana ɗaukar 'yan tsaki da 'ya'yan zabi, yana fasa ƙwai. Mai shanya kilishi ko cuku ya san ba a juya masa baya. Makiyayi kuma yana da ƙara mafi zafi.

A duba jakin da ya wuni yana jan guga a rijiya mai zurfi da rani, igiya ko akumari sun goge masa baya har fata ta saluɓe. An kwance shi, ya tsaya a inuwar aduwa ya sunkuyar da kai. Hankaka zai sauko ya tsaya nesa kaɗan, ya karkata kai ya duba ko akwai mutum kusa, ya yi tsalle biyu, sai ga shi a gadon bayan jakin. Da farko kaska da ƙudaje yake tsinta. Daga nan bakinsa ya kai ga miki. Jakin ya girgiza fata, ya kaɗa wutsiya, tsuntsun ya ɗaga sama kamu ɗaya ya sake dira. Kafin la'asar ƙaramin ciwo ya zama gyambo. Haka yake yi wa raƙumi mai ƙuje a dozo, haka kuma yake yi wa ɗan tunkiyar da aka haifa a daji uwar ba ta miƙe ba tukuna. A ƙasar da dukiyar gida take tafiya da ƙafa huɗu, ƙasar da tashar kiwo ta Tukunus take renon shanun Azawak tun 1954, wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Wayonsa ne yake sa maganinsa wuya. Hankaki suna cikin tsuntsaye mafiya kaifin ƙwaƙwalwa. A jami'ar Oxford a 2002 an ga wata hankaka daga tsibirin Sabuwar Kaledoniya ta lanƙwasa waya ta yi ƙugiya ta zaro abinci daga cikin bututu. A birnin Seattle na Amurka, John Marzluff da abokan aikinsa sun nuna tun daga 2006 cewa hankaki suna riƙe fuskar wanda ya taɓa kama su shekara da shekaru, har waɗanda ba a kama ba su koyi gudunsa da yi masa ihu. Manomin Sanam ko Shikal da ya kafa mutum-mutumi a gona, bayan 'yan kwanaki ya tarar da hankaka zaune a kansa, ya riga masanan sanin wannan.

Bayan ungulu ta yi ƙaranci

Wanda ya girma a ƙasar Kurfai kafin farin 1973 da na 1984 zai tuna cewa mahauta ta ungulu ce. Da an yanka, suna nan jere a kan katanga suna jira. Idan saniya ta faɗi a daji, kafin mai ita ya iso manyan ungulayen daji sun sauko daga sama, cikin sa'o'i kaɗan sai ƙashi. Yau yaro yakan kai shekara goma a wasu garuruwan bai ga ungulu ba.

Alƙaluma sun tabbatar da abin da ido ya gani. Masanin tsuntsaye ɗan Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandayen daji da ake karewa. A 2015 hukumar IUCN mai kula da halittun duniya ta sanya ungulun gari, wadda da ba a ɗauke ta a bakin komai ba, cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Dalilan sanannu ne: guba da ake sa wa mushe don kashe dila da karnuka, farautar su don sayar da kai da ƙafafu a kasuwannin masu magani, da sare manyan itatuwan da suke sheƙa.

Wurin da ungulu ta bari, hankaka da kare ne suka gaje shi. Da sassafe a bayan mahauta, bayan an wanke tumbi an zubar, za a ga hankaki sun sauko biyu-biyu, suna tafiya da ƙafa cikin nutsuwa, kowa ya ja guntun hanji ya koma gefe, ya danne da ƙafa ɗaya ya yaga da baki. Wanda ya ƙoshi yakan ɗauki saura ya tona ƙasa ya ɓoye, ya rufe da tsakuwa ko ganye. Kafin hantsi wurin ya ragu da ƙazanta mai yawa wadda da ƙudaje ne za su taru a kanta. Da damina su ne ke bin bayan masu noma suna tsince tsutsa da gwazarma, idan fara ta sauko kuma suna cikin masu cin ta.

Amma hankaka ba zai iya aikin ungulu duka ba. Bakinsa ba ya huda fatar saniya, sai dai ya ci ido da harshe ya jira wani ya buɗe masa. Cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu haɗari, kuma taronta yakan gama da mushe kafin ya ruɓe. Inda babu ita, mushe yakan daɗe a ƙasa, karnuka su yawaita a kansa. Indiya ta ga haka bayan da maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusa ƙarar da ungulayenta a shekarun 1990: karnukan titi suka ƙaru, barazanar ciwon haukan kare ta ƙaru da su, har gwamnati ta hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006. Saboda haka yawan hankaki a gefen garuruwanmu saƙo ne guda biyu. Yana nuna shara ta yi yawa a fili, yana kuma nuna babban mai kwashe ta ya tafi.

Abin da addini ya faɗa

Hankaka yana cikin tsuntsaye ƙalilan da Alƙur'ani mai girma ya ambata. A Suratul Ma'ida, aya ta 31, bayan ɗaya daga cikin 'ya'yan Annabi Adamu ya kashe ɗan'uwansa ya rasa yadda zai yi da gawar, Allah ya aiko hankaka yana tona ƙasa don ya nuna masa yadda zai rufe ta. Darasin farko na binne mamaci ta hannun wannan tsuntsu ya zo wa ɗan Adam.

A gefe guda kuma, hadisi ingantacce da Buhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa hankaka cikin halittu biyar masu cutarwa da aka yarda a kashe ko da mutum yana cikin harami, kuma wata ruwaya ta Muslim ta ambaci mai ratsin fari. Malamai sun bayyana cewa dalilin wannan izini shi ne cutar da suke yi. Wanda hankaka ya addabi kajinsa ko dabbarsa yana da hurumin kare dukiyarsa. Sai dai tsakanin wannan da barbaɗa guba a mushe a bar shi a daji akwai tazara mai nisa. Guba ba ta tambayar sunan mai ci. Takan kashe hankakan da ya yi laifi da wanda bai yi ba, ta kashe ungulun da ta rage, da shirwa, da karen makiyayi, ruwan sama kuma ya wanke saura ya kai tafkin da dabbobi da mutane suke sha.

Darasi daga gabar teku

Akwai wurin da hankaka ya zama annoba ta gaske, kuma labarinsa ya cancanci a ji shi. A shekarun 1890 aka kawo hankakan Indiya, Corvus splendens, tsibirin Zanzibar don ya riƙa cinye shara. Ya ci, ya hayayyafa, ya bazu zuwa Mombasa da Darussalam, yana nan kuma a Jibuti da Bur Sudan, har alhazai suna ganinsa a Jidda. Ya kori tsuntsayen gida, ya addabi masu kaji da masu otal. A 2024 hukumar kula da namun daji ta Kenya ta ba da sanarwar shirin kashe miliyan ɗaya daga cikinsu. A can ɗaya gefen duniya kuma, hankakan tsibirin Hawai ya ƙare a daji tun 2002, sai waɗanda ake kiwo a keji ana ta kashe kuɗi don a mayar da su. Duka biyun aikin hannun mutum ne: a wuri ɗaya ya kawo baƙo ya tara masa juji, a ɗayan ya lalata dajin ɗan gida.

Hankakan Abala ba baƙo ba ne. Tare muka tarar da juna, kuma yawansa yana bin yawan abin da muke zubarwa. Garin ya ƙara cika tun daga 2012, lokacin da 'yan gudun hijira daga Mali suka sauka, daga baya kuma rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka da dabbobinsu zuwa inda suke ganin za su tsira. Taron jama'a da na dabbobi a wuri ɗaya yana nufin ƙarin yanka da ƙarin juji, tsuntsun kuma yana biye.

Abin da yake hannunmu

Mutanen da ke fama da tsaro da tsadar hatsi ba za a ce su bar komai su koma kallon tsuntsaye ba. Amma abubuwan da ake bukata ba masu tsada ba ne, kuma amfaninsu ga mutum yake komawa tun kafin tsuntsu. Rami mai murfi a bayan kowace mahauta zai rage hankaki da karnuka da ƙudaje a lokaci guda. Akurki ko ɗan shingen ƙaya da rufin kaba zai tsare 'yan tsaki a makonninsu na farko, lokacin da aka fi ɗaukar su. Jakin da aka gyara wa akumari, aka wanke mikinsa aka rufe da tsumma mai tsabta, hankaka ba shi da abin nema a bayansa. Dabbar da ta mutu da ciwon da ba a gane ba, a kira ma'aikacin dabbobi, a binne ta da zurfi ko a ƙone. Sarakuna da limamai da ma'aikatan gandun daji kuma su haɗa baki su hana sa guba a mushe da cinikin sassan ungulu.

Sannan akwai ilimin da ke hannun makiyaya da mafarauta da tsofaffin mata, waɗanda suka san wane tsuntsu ke zuwa da wane wata, wane ne ya ragu, wane ne ya ƙaru. Babban rahoton da ya tattara tsuntsayen Nijar ya fito ne a mujallar Malimbus tun 1988, kuma yau akwai rumbun bayanai na intanet mai suna WABDaB da ke karɓar rahoton duk wanda ya ga tsuntsu a Nijar. Malamin makaranta a Abala ko Filinge da zai sa ɗalibansa su riƙa rubuta ranar da suka ga hankakan hamada a gefen gari, da yawan masu farin ƙirji a mahauta, da ranar da ungulu ta sake sauka, zai tara abin da masana daga nesa ba za su iya tarawa ba, kuma zai tashi yaran da suka san ƙasarsu.

Mun riga mun yi sakaci da ungulu har ta kusa ƙarewa, sai da ta tafi muka gane aikin da take yi mana kyauta. Hankaka ya fi ta wayo da juriya, ba ya cikin haɗarin ƙarewa yau. Duk da haka gubar da ta ci ungulu ba za ta ƙyale shi ba, ba kuma za ta ƙyale rijiya da garke ba. A tsare kaji, a yi wa jaki magani, a rufe juji, a bar mai shara ya yi aikinsa.